Ɗakin ƙarfe a bayan motar shiga daji: wa za a ba wa waldar, kuma yaya za a gina firam ɗin?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Gombe, kuma ina da Hilux mai gida ɗaya wadda na saya ta hannu. Aikina yana kai ni ƙauyuka masu nisa, sannan ina da burin in riƙa zuwa Yankari da tsaunin Mambila ina kwana a cikin motata. Ina so in cire bodin baya in gina ɗan ɗaki na ƙarfe mai gado, da tankin ruwa na lita 200, da sola, da safayar taya ta biyu, da jarkokin mai a sama. Mai waldar unguwarmu, wanda ya yi mini ƙofar gida mai kyau ƙwarai, ya ce a yi amfani da fayif mai inci uku, a kuma liƙe shi da walda a jikin shasi don kada ya motsa. Wani abokina kuma ya ce in sayi injin walda in koya, in yi da kaina. Wanne ya fi? Kuma ta yaya zan gane mai waldar da ya iya wannan aiki?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, abin da kake nema shi ne ɗakin da zai zauna a bayan mota yana bin hanyoyi masu gargada na tsawon shekaru ba tare da ya tsage ba, kuma ba tare da ya lalata motar da ke ɗauke da shi ba. Na daɗe ina aikin haɗa ƙarfe da gyaran bodin motoci a nan Bauchi, kuma tun daga farko zan gaya maka cewa shawarwari biyun da mai waldarka ya bayar, wato fayif mai kauri da liƙewa a shasi, su ne abubuwa biyun da suka fi kashe irin wannan aiki. Bai faɗa da mugun nufi ba, ya yi magana ne da ilimin ƙofa da taga, inda kauri da ƙarfin riƙo su ne komai.

Ƙofar gida a tsaye take wuri guda, nauyin da ke kanta ba ya sauyawa, shi ya sa ko waldar ba ta shiga ciki sosai ba sai ta yi shekara ashirin ba a ji komai ba. Firam ɗin mota kuwa kowane rami da taya ta faɗa, kowace gargada da aka bi, sai ta ɗan lanƙwasa shi ta sake shi, kuma a tafiya guda daga Gombe zuwa Gembu da ke kan tsaunin Mambila, ta Numan da Jalingo da Bali da Serti, wannan lanƙwasawa za ta faru sau dubbai masu yawa. Ƙarfe yana gajiya da irin wannan motsi ko da nauyin bai kai wanda zai karya shi a take ba. Tsagar tana farawa siririya kamar gashi, kusan kullum a gefen walda, daidai inda waldar ta haɗu da jikin fayif, sai ta riƙa tafiya a hankali har ranar da za a ji ƙara. Saboda haka duk abin da zan faɗa a ƙasa yana komawa ga rage nauyi, da barin motar ta yi motsinta, da samun walda mai tsabta a mahaɗai.

Fara da lissafin nauyi

Kafin ka yi magana da kowane mai walda, buɗe ƙofar direba ka duba ɗan farantin da kamfani ya liƙa a jikin motar, wanda ke nuna iyakar nauyin da aka yarda ta kai idan an yi mata lodi. Daga nan ka kai motar sikelin manyan motoci, irin wanda ake samu a kamfanonin sarrafa hatsi da wuraren fasa dutse, a auna ta da cikakken tanki. Bambancin lambobin biyu shi ne abin da kake da shi. A yawancin Hilux bai wuce tan ɗaya ko kusa da haka ba, kuma har da kai da abokin tafiyarka a cikin wannan lissafi.

Mu ɗan ƙirga kayan da ka ambata. Ruwa lita 200 kilo 200 ne, ban da tankin. Jarka huɗu ta man dizal, lita 80, za ta kai kilo 67. Mutum biyu, mu ce kilo 150. Safayar taya ta biyu da ƙarfenta wajen kilo 30, babban batirin sola na dalma wajen kilo 60, allunan sola biyu wajen kilo 50. Idan aka ƙara katifa, da tukunyar gas, da abinci, da jak, da kayan gyara, an tasam ma kilo 700 alhali ba a sayi ko fayif ɗaya ba. Abin da ya rage wa ɗakin gaba ɗayansa, firam da bango da rufi da ƙofa, wajen kilo 300 ne, sai ɗan abin da za ka samu idan an sauke bodin baya. Kuma motar da za ta hau Mambila ta Mayo Selbe, ta kuma sauko da birki, bai kamata a cika ta har wuya ba.

Fayif mai kusurwa huɗu na inci uku, wato milimita 75 mai kaurin milimita 3, kowace mita ɗaya tana da nauyin fiye da kilo shida da rabi. Ɗaki mai tsawon mita 2, faɗin mita 1.8 da tsayin mita 1.5 zai iya cin mita 50 na fayif idan an haɗa da ƙarafan tsakiya, ka ga firam kaɗai ya haura kilo 300. Idan kuwa aka yi ƙasan da fayif mai milimita 50 da kaurin 2, bango da rufi da mai milimita 25 da kaurin 1.5, firam ɗin ba zai kai kilo 100 ba.

Akwai abin da masu walda da yawa ba su yarda da shi ba sai an nuna musu: ƙin lanƙwasar fayif ya fi dogara ga girmansa a kan kaurin jikinsa. Fayif mai milimita 50 da kaurin 2 bai kai mai milimita 40 da kaurin 3 nauyi ba, na farko kilo uku ne a mita, na biyu kusan uku da rabi, amma na farkon ya fi shi ƙin lanƙwasa da kusan rabi. Wani abin da ke ba firam ƙarfi kyauta shi ne tokara ta karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, a bangon gaba da gefuna. Siriri guda da aka tokara haka ya fi ƙara kaurin dukan ginshiƙai amfani.

Haka lamarin yake wajen abin da za a rufe jikin ɗakin. Bango huɗu da rufi wajen murabba'in mita 15 ne. Fallen baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 1 zai kai kilo 118, na alminiyam mai kaurin 1.2 kuwa bai kai 50 ba. Alminiyam ba a walda shi a jikin baƙin ƙarfe, ana kama shi ne da ribit da gam mai taushi na bodin mota, bayan an yi wa firam fenti, domin idan ƙarafan biyu suka haɗu tsirara a cikin danshi alminiyam ɗin ne zai riƙa ciwuwa. A tsakanin falle da allon ciki a sa soso mai tauri na hana zafi, in ba haka ba a watan Afrilu ba za ka iya zama a ciki ba.

Game da jarkoki a sama, ban goyi baya ba ko kaɗan. Tankin ruwa da batir da mai su zauna a ƙasa, a gaban aksil ɗin baya, kusa da gidan direba. Nauyin da aka ɗora a sama shi ne ke kifar da mota a kwana ko a gangaren da ya karkata, wanda aka rataya can bayan taya kuma yana ɗage gaban motar, sitiyari ya yi sakayau, yana kuma lanƙwasa shasi a tsakanin gida da bodi. Sama ta sola ce kawai. Da ni ne kuma, da na rage ruwan zuwa lita 100 ko 120.

Kada wuta ta taɓa shasi

Shasin mota ba a yi shi don ya sandare ba. Idan tayar gaba ta hau tudu ta baya tana cikin kwari, shasin yana ɗan murɗewa, sannan ya koma daidai. Idan aka liƙa masa akwatin ƙarfe mai tauri da walda, an hana wani sashe nasa motsi, sai duk murɗewar ta taru a inda waldar ta ƙare, kuma nan ne zai tsage. Ga kuma zafin walda, wanda ke sauya yanayin ƙarfen shasi a gefen wurin da aka ƙona, domin ba irin ƙarfen fayif ɗin kasuwa ba ne. Wannan ne dalilin da ya sa kamfanonin manyan motoci, a cikin ƙa'idojin da suke ba masu ƙera bodi, suke hana walda ko huda a leɓen sama da na ƙasa na shasi. An sha kawo mini motoci da tsaga a bayan gidan direba, kuma idan na kankare fentin nakan tarar da tsohuwar walda a daidai bakin tsagar.

A Hilux hanyar mai sauƙi ce. Idan an sauke bodin baya za ka ga kujerun da kamfani ya yi masa a jikin shasi, kowace da raminta. A gina ƙaramin firam na ƙasa wanda ƙafafunsa za su sauka daidai kan waɗannan kujeru, a sa roba mai tauri a tsakani, a ɗaure da bol da noti. A kan kowane bol a duba lambar ƙarfinsa da aka buga, 8.8 ko 10.9, wanda ba shi da lamba a bar shi a kasuwa. Notin ya zama mai kulle kansa. Duk inda bol zai ratsa ta cikin fayif, a fara zura ɗan guntun bututu mai kauri a ramin a walde shi, domin idan babu shi ɗauri zai matse fayif ɗin ya lotsa, notin ya saki bayan 'yan kwanaki. A bar tazarar aƙalla santimita biyar tsakanin ɗakin da gidan direba, saboda kowannensu da nasa motsin.

Idan wata rana ka koma babbar mota irin Kanta, lamarin ya fi haka nauyi, domin shasinta buɗaɗɗe ne kuma yana murɗewa sosai. A can ana ɗaure firam ɗin ƙasa tamau a baya, a gaba kuma a sa dogayen bol masu sifirin yadda shasi zai iya ɗan rabuwa da shi ya dawo, ko kuma a ɗora ɗakin a kan wurare uku, biyu a kafe ɗaya mai juyawa, irin tsarin da aka san manyan motocin shiga daji na Unimog da shi. Wannan aiki ne da ke buƙatar injiniya ya zauna ya yi lissafi.

Yadda za ka gane mai waldar

Kada ka fara da kallon kyan aiki. Ƙofar da aka goge da giranda, aka cike da foti, aka fesa mata fenti, ba ta gaya maka komai game da abin da ke ƙarƙashi. Nemi mutanen da aikinsu ke tafiya a kan hanya ko yake ɗaukar nauyi: masu ƙera bodin tifa da tirela, masu gyaran tankar ruwa, masu haɗa kayan noma da tarakta ke ja. A Bauchi da Gombe akwai dattawan da suka yi aiki a tsohon kamfanin Steyr lokacin da yake haɗa manyan motoci da taraktoci, da waɗanda suka yi gyare-gyare a kamfanin siminti na Ashaka, kuma yaran da suka koya a hannunsu sukan fita daban. Takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ko ta hukumar jarrabawar sana'o'i ta NABTEB alama ce mai kyau, amma na ga masu takarda da hannunsu bai zauna ba, na kuma ga marasa ita da suka ƙware. Ka roƙi ya nuna maka aikin da ya yi shekara biyu ko uku da suka wuce wanda har yanzu yake kan hanya, ka je ka leƙa ƙarƙashinsa da tocila.

Sannan ka saurari tambayoyin da zai yi maka. Wanda ya san aikin zai tambayi nauyin kayan, da inda tanki zai zauna, da irin hanyar da za ka bi, zai kuma shiga ƙarƙashin motar kafin ya faɗi kuɗi. Wanda ya yanke farashi daga kallon hoto a waya bai fahimci abin da ake nema ba.

Gwajin da na fi amincewa da shi ba ya cin fiye da awa ɗaya. Sayi guntayen fayif irin wanda za a yi aikin da shi, ka biya shi kuɗin lokacinsa, ka ce ya haɗa biyu a siffar T, ɗaya a kwance a kan tebur, ɗaya kuma a tsaye yana hawa sama, kuma kada ya goge. Idan ɓawon da ke rufe saman waldar ya faɗi, waldar kirki za ta fito da faɗi iri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, ta kwanta a jikin ƙarafan biyu kamar ta narke ta shige su. Sa farcenka a gefenta ka ja. Idan farcen ya faɗa cikin ɗan kwari a jikin fayif, wuta ta yi yawa ta cinye ƙarfen, kuma a wannan kwarin ne tsaga ke farawa. Idan waldar ta tsaya a sama dunƙule-dunƙule, wuta ta yi kaɗan, ba ta kama ba. Ƙananan ramuka kamar na allura suna nuna danshi ko datti. Bayan haka a yanka mahaɗar gida biyu da zarto a duba ciki, a ga ko narkewar ta kai har cikin kusurwa ko akwai baƙin ɓawo da ya maƙale. Ɗaya guntun kuma a matse shi a bais a yi ta bugu da babbar guduma. Abin da ake so shi ne fayif ya lanƙwashe waldar tana nan. Idan waldar ce ta ɓalle ta bar ƙarfe sumul, ka yi masa godiya ka nemi wani. Mai sana'ar da ya yarda da hannunsa ba ya jin haushin wannan gwaji, wasu ma daɗi suke ji an samu mai gane bambanci.

Ka yi wa mai waldar unguwarku wannan gwaji shi ma. Idan ya ci, kuma ya yarda ya bar maganar liƙewa a shasi ya bi zane, babu abin da zai hana ka ba shi, tunda kun saba kuma yana kusa.

Inji da sandar walda

Yawancin rumfunanmu suna aiki ne da taransifoma da aka naɗa a gida, wadda ba ta da wurin daidaita wuta na kirki, ga wutar layi mai hawa da sauka. A kan ƙarfe mai kauri ana iya lallaɓawa, amma a fayif mai kaurin 2 ko 1.5 sai dai a yi ta huda ana cikewa. Don wannan aiki ka nemi mai ƙaramin injin inbata, wanda ke ba da wuta mai santsi da za a iya saita ta daidai, tare da janaretan da ya fi ƙarfin injin. Sandar geji 12, wato milimita 2.5, tana aiki ne tsakanin amfiya 60 zuwa 90, kuma a fayif mai kaurin 2 ƙasa-ƙasa ake zama. Geji 10 ta yi wa siraran fayif girma, a bar ta don farantai masu kauri.

Sandar da ta cika kasuwa ita ce mai lamba 6013, kuma ta isa ga jikin ɗakin, domin ƙarfen da take zubawa bai gaza fayif ɗin kansa ƙarfi ba, matsalar takan fito ne daga hannu. A ƙafafun da ke ɗaure ɗakin da shasi, da mariƙin safayar taya, da kujerar tanki, inda ake amfani da faranti mai kaurin milimita 5 ko 6, na fi son 7018, saboda ta fi jure girgiza. Sharaɗinta shi ne ta kasance a bushe. Idan kwalin ya kwana a buɗe a damina ta sha danshi, amfaninta ya tafi, sai an gasa ta a tanda mai zafin digiri 300 ko sama da haka, shanyawa a rana ba ta wadatarwa. Don haka a sayi sabon kwali a rufe, a buɗe shi ranar aiki.

Injin MIG, mai tura waya da iskar gas, shi ne ya fi dacewa da siraran fayif, yana da sauri kuma ba ya barin ɓawo. Sai dai yana da abin lura guda biyu. Iska tana kore gas ɗin da ke kare waldar, saboda haka a lokacin hunturu ba a yinsa a fili sai an kange wurin. Na biyu kuma, yana iya fitar da walda mai kyan gani wadda ba ta kama ƙarfen ba sam, don haka gwajin guduma ya fi zama dole a kansa. Waldar gas ta masu gyaran bodi kuwa tana zuba zafi mai yawa, tana karkatar da fayif, ba ta wannan aiki ba ce.

Shawarar abokinka tana da wurinta. Ƙaramin inbata abu ne mai amfani a gida, kuma koyon walda ba ya ɓaci. Idan za ka saya, duba lambar da ke nuna tsawon lokacin da injin zai yi aiki kafin ya huta, wadda ake aunawa a cikin minti goma: kashi 60 yana nufin minti shida na aiki, huɗu na hutu. Kada babbar lambar amfiya da aka rubuta a kwali ta ruɗe ka. Amma firam ɗin da zai bi mutane a kan titi da gudun kilomita 100 ba wurin koyo ba ne. Idan mariƙin taya ya ɓalle a hanyar Alkaleri, wanda ke bayanka a kan babur ne zai biya. Ka koya a kan gado da akwatunan ciki da matakala, ka bar firam da ƙafafunsa ga wanda ya ci gwaji.

Sayen ƙarfe da tafiyar aiki

Ka je sayen ƙarfe da kanka, ko a nan ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, da ma'aunin kauri a aljihu, domin abin da ake kira kaurin 2 sau da yawa bai kai ba, tsawon ma yakan gaza mita shida. Idan ba ka da ma'auni, sikeli ya isa: fayif mai milimita 40 da kaurin 2, idan ya cika mita shida, nauyinsa wajen kilo 14 ne. Wanda ya tsaya a goma ko sha ɗaya ka san an rage. Ka guji tsohon ƙarfen da tsatsa ta ci, da rodin gini, wanda ba a yi shi don irin wannan walda ba. Fayif mai farin shafi na hana tsatsa yana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji idan an ƙona shi, kuma madarar da masu walda ke sha bayan aiki ba ta maganinsa. Idan dole ne a yi amfani da shi, a kankare shafin a wurin walda, a yi aikin inda iska ke wucewa.

A gina firam ɗin a ƙasa, a kan daɓe mai daidai, ba a kan motar ba. A yanka kowane fayif ya zauna da ɗan'uwansa ba tare da giɓi ba, kada a cusa guntun sanda ko rodi don cike rami. A fara da ɗiga walda a kusurwoyi kawai, a ja tef daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu, sai awon ya zo ɗaya sannan a ci gaba. Walda tana jan ƙarfe idan tana hucewa, don haka ba a gama gefe guda a koma ɗaya, ana yi ne nan kaɗan can kaɗan, kuma ba a zuba mata ruwa don ta yi saurin sanyi. Waldar firam ba a goge ta ta koma daidai da fayif sai inda falle zai kwanta. A manyan kusurwoyi a ƙara ɗan faranti mai kusurwa uku, a ɗora shi a gefen fayif, inda ƙarfin yake, maimakon tsakiyar fuskarsa da ke lotsawa.

Ka sa a yarjejeniyarku cewa ba za a yi fenti ba sai ka gani, kuma ka riƙe wani kaso na kuɗin har bayan gwajin hanya. Tankin ruwa idan na ƙarfe ne, tsohuwar dabarar alli da kananzir tana nan da amfaninta: a shafa jiƙaƙƙen alli a wajen waldar ya bushe, a shafa kananzir ta ciki, duk inda akwai rami allin zai yi duhu, daga baya a wanke tankin sosai, ko da yake don ruwan sha tankin roba ya fi sauƙi da tsabta. A toshe bakin kowane fayif, a huda ƙaramin rami a ƙasan waɗanda ruwa zai iya taruwa a ciki, a wanke maiƙo, a shafa fentin hana tsatsa kafin na ado. Fenti mai haske ya fi baƙi, don yana rage zafi kuma tsaga takan nuna kanta da jan layin tsatsa.

Idan ya zama dole a ɗiga walda alhali firam yana kan mota, a cire kan batir, a maƙala wayar injin walda ta biyu, wadda ake kamawa a jikin ƙarfe, kusa da wurin aikin yadda wuta ba za ta bi ta boris ko ta ƙwaƙwalwar mota ba, a kuma rufe tankin mai da bututun birki da wayoyi. Jarka ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ba a kai masa wuta ko an wanke shi. Ina roƙonka kuma ka saya wa mai aikin da yaronsa gilashin walda na gaske mai lamba 10 ko 11. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare hasken da ke ƙona ido, kuma yaran da ke riƙe ƙarfe su ne suka fi kwana suna hawaye.

Bayan an ɗaure ɗakin, a hau da tayar gaba ɗaya kan tudu har motar ta murɗe, a buɗe ƙofar ɗakin a rufe. Idan ta cije, firam yana karɓar murɗewar da bai kamata ba, sai a sake duba robobi da ƙafafu. Kada ɗakin ya fi madubin gefe faɗi, kada ya rufe fitilun baya da lambar mota, kuma ka je ofishin masu duba lafiyar motoci ka ji abin da suke buƙata tunda siffar motar ta sauya. Daga nan ka yi cikakken lodi, ka koma sikeli, a auna gaba daban baya daban, domin mota tana iya zama cikin iyakarta gaba ɗaya alhali aksil ɗin baya ya wuce nasa. Ƙara ganyen sifirin yana ɗaga motar, amma ba ya ƙara wa birki ko boris ko shasi ƙarfi.

Girman fayif da na ambata misali ne na ɗaki mai wannan awo da wannan nauyi. Ban ga motarka ba, kuma motar hannu tana iya zuwa da tsatsa a cikin shasi ko tsohon gyaran haɗari da zai sauya lissafin gaba ɗaya. Ka zana abin da kake so a takarda da awo da nauyin kowane kaya, ka kai wa injiniyan kanikanci ya duba maka ƙafafun da firam ɗin ƙasa, akwai su a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da kwalejojin kimiyya da fasaha na Bauchi da Gombe. Tafiyar farko kuma ta zama gajera, kamar zuwa Dadin Kowa ko Yankari. Da ka dawo ka sake ɗaure kowane noti, ka wanke ƙarƙashin motar, ka bi gefen kowace walda da tocila, musamman a ƙafafun gaba da mariƙin taya, kafin ka sa ranar tafiya Mambila. Allah ya sa a yi a sa'a.